Silifa a Ƙarƙashin Teku

Na sayi teku kamu uku,
na hau da ita bene na biyu a Obalande,
na dama mata gishirin leda, na auna, na sake aunawa,
kifi biyar da reshen murjani ɗaya.
Ban san na haɗo da rigima ba.

Ƙarfe biyun dare Baba Akanbi na ƙasa
ya ɗaga sanda ya daki silin sau uku.
Da safe ya tare ni a matakala:
"Malam, shekara talatin ina taka keken ɗinki,
ban taɓa hana maƙwabci runtsawa ba.
Haƙoran robana rawa suke kwana yi cikin kofi."

Na ce a raina, Legas fa muke,
garin da janareto ke gaida janareto,
kwandastan danfo ke riga ladan tashi.
A nan ne ɗan famfo zai zama abin ƙorafi?
Amma na bi shi ɗakinsa, na ɗora tafi a bango.
Bangon nishi yake.
Ba kunne ke ji ba, ƙashi ne.

Na dawo na durƙusa gaban kabad kamar mai tuba.
Na kashe komai, na riƙa kunnawa ɗaya ɗaya,
bakin sukudireba kan inji, ƙotarta a kunnena,
yadda na ga bakanike na yi a Ladipo.

Famfon da ke maida ruwa sama shi ne uban tafiya,
zaune kan gilashi ba shimfiɗa, yana karkarwa.
Na yanka tsohon silifan Uwani, na ƙafar hagu,
na wanke shi tas, na zaunar da shi a kai.
Ya yi ajiyar zuciya.
Kwana biyu tana neman takalminta, ban ce uffan ba.

Bututu mai tauri kuwa magulmaci ne:
abin da famfo ya faɗa sai ya kai wa katako,
katako ya kai wa daɓe, daɓe ya kai wa Baba.
Na datse shi, na sa tiyo mai laushi taƙi guda a tsakani.
Gulma ta mutu a hanya.

Cikin farfela na tsinci ɓawon katantanwa
bai kai ƙwayar gero ba.
Dubi abin da ke ƙarar nan duka!
Magudana mai kurkure baki dare da rana
na nutsar da bakinta cikin ruwa,
mai faci na gindin gada ya ba ni tsohon tif
na yi wa ƙafafun kabad safa.

Sai daren Laraba aka ɗauke wuta,
batir ya yi iya yinsa ya mutu.
Shiru ne ya tashe ni.
Shirun da na yi wata ina nema
ya shigo ya tsaya a kaina kamar ɗan saƙon rasuwa.
Na haska fitila: kifina biyar a saman ruwa,
bakuna buɗe, ba murya.
Na kwana ina ɗiba da moɗa ina tsiyayowa daga sama,
ni ne famfo, ni ne farfela,
har aka kira assalatu, har firij ya yi tari.

Tun ranar na ɗaga tiyo yatsa ɗaya bisa ruwa,
na bar ɗan ƙulu-ƙulu, daidai kunnen mai ɗaki,
wanda ba ya iya sauka bene.
In yana nan, ina barci.

Jiya Baba ya hawo da kansa, yana haki,
ya ce a nuna masa maƙiyinsa.
Na ba shi kujera gaban gilashi.
Wani shuɗi mai rawayar jela ya zo ya leƙa shi.
Kafin Uwani ta kawo shayi Baba ya fara minshari,
ita kuwa ta buɗe kabad neman tsumma,
ta tsaya, ta daɗe tana kallon ƙarƙashin famfo.